Chebo, Ubangidan Jakunan Oatman

Wa ya aiko ku ku yi mini wannan tambayar? Uwarku ce ko? Kun ci kun ƙoshi, ba wanda ya ɗauke ko cokali, sai "Kaka, ba mu labarin Oatman." Ku je ku tambayi mai labarin mana, ga shi can kan kujera yana minshari baki buɗe. Sai dai in kun tambaye shi, cewa zai yi shi ya yi nasara. To, ku zauna. Ke, sauke ƙafarki daga kan teburina. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya katse ni shi zai wanke tukunya.

Jajibirin Kirsimeti ne, shekarar da dusar ƙanƙara ta kwanta a kan duwatsun da ke tsallaken kogi. Kwana uku na yi a kan tamale. Ku da kuke ci kuna yar da bawo ba ku san wahalarsa ba. A jiƙa bawon masara, a dafa naman sa da jan barkono har ya saki, a buga ƙullu da kitse har kafaɗa ta mutu, a shafa, a sa zaitun ɗaya a tsakiya, a naɗe. Ɗari da ashirin na yi. Kuma dole su isa Kingman, gidan yayata Eufemia, kafin ƙarfe huɗu, lokacin da surukanta ke zama cin abinci. Shekarar da ta gabata ta ce mini a gaban mutane wai na tsufa, in huta, za ta riƙa sayo na kanti. Na kanti. Ta ce in huɗu ta yi ba ta ga tukunyata ba, kwalin kanti za ta buɗe. Ni Herminia, da raina.

Ni ba ni da mota, sai na ce wa ƙanena Eusebio, wato wannan Chebon naku, ya zo da akori-kurarsa ya kai ni. Daga nan Needles, ta babban titi, awa ɗaya ce. Shekarunsa sittin da biyu a lokacin. Shekara talatin ya yi yana wanke taragun jirgin ƙasa, amma in kuka ji shi yana ba da labari sai ku rantse shi ya shimfiɗa dogon da hannunsa.

Ya zo da sha biyun rana, ba shi kaɗai ba. A gaban mota ga wata doguwar mata mai furfura, sunanta Arlene, daga Manitoba ta ƙasar Kanada, cikin masu gudun sanyin nan da ke kafa gidajensu na mota a bakin kogi har watan Maris. Mijinta ya rasu, shi ma Chebo matarsa ta rasu, kun dai gane. Ya sa tsohuwar kwat ɗin babanmu, ta kumbura ta ko'ina, yana tafiya ƙafa a ware kamar wanda ya goya tagwaye a aljihu.

Na ce, "Me ka cusa a jikinka?"

Ya ce, "Ƙiba ce, Yaya. Kwanciyar hankali."

"Jiya na gan ka kamar sandar tsintsiya."

"Cikin dare ta zo."

Ba ni da lokacin gardama. Na ɗaure tukunya a baya da igiya, na lulluɓe ta da bargo biyu, na shiga na zauna a tsakiyarsu. Motar tana wani wari kamar rumbun ciyawa. Muna tsallake kogi sai na ga ya bar babban titi ya kama tsohuwar hanya.

Na ce, "Chebo, ina za ka?"

"Ta Oatman za mu bi. Arlene ba ta taɓa gani ba. Minti biyar kawai."

"Ƙarfe huɗu, Chebo."

"Yaya, ni da na taɓa bin wannan hanyar ido rufe?"

"Na tuna. Mota biyu aka ɗauko suka jawo ka daga rami."

Arlene tana kallon waje tana ɗan murmushi. Ni a lokacin na ɗauka irin matan nan ce da ke yarda da duk abin da namiji ya faɗa.

Kun san yadda mutane ke rataya wa 'yan bishiyoyin gefen wannan hanya ƙyalƙyali da ƙwallaye in Kirsimeti ta zo. Chebo ya taka birki a gaban wata, ya ce mu fito. Iska tana yanka kunne, duwatsu sun yi fari a kai, ja a ƙasa, ni ko agogo kawai nake kallo. Ya gaya wa Arlene wai shi ya fara wannan al'adar, da safarsa ƙafa ɗaya, shekara arba'in da suka wuce. Ya ja da baya don ya nuna mata daidai reshen, ya miƙa hannu ya dafa. Ashe cholla ce, shukar hamadar nan mai ƙaya mai mannewa. Dunƙulen ƙaya ya rabu da uwarsa ya manne masa a tafin hannu.

Ya ce, "Ba komai, mun saba." Ya sa ɗaya hannun ya cire. Ta koma ɗaya hannun. Ya sake cirewa, ta dawo na farko da 'yar'uwarta. Ya kai baki zai ciza, na buge masa ƙeya.

"In ta kama leɓenka wa zai yi mana ƙarya a hanya?"

Na zaro mataji daga jakata, na sa a ƙarƙashin ƙayar na fincike. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san da mataji ake cire ta, ban da wanda ya ce shi ya haifi hamadar. Minti ashirin suka tafi a nan.

Ƙarfe ɗaya da kwata muka shiga Oatman. Garin ya cika maƙil, motocin 'yan yawon buɗe ido, masu manyan babura, tsofaffi da gajeren wando suna rawar ɗari. Jakunan garin kuwa, waɗanda ba mai su, suna yawonsu yadda suka saba, wannan ya cusa kai a tagar mota, wancan ya tsaya a ƙofar kanti kamar mai jiran canji. Chebo ya tsayar da mota a tsakiyar titin, titin da shi kaɗai ne a garin, ya hau kan taya ya cire malafa.

Ya ce, "Jama'a, ku matso. Duk jakin da kuke gani a garin nan jikan jakunan kakana ne. Shi ya kawo su lokacin haƙar zinariya. Har yau sun san jinin gidanmu. Fito ɗaya zan yi."

Kakanmu wankau ne. Rigunan masu haƙa yake wankewa, kuma dabbar da ya taɓa mallaka a duniya akuya ce mai ido ɗaya. Na buɗe baki zan faɗa, Arlene ta taɓa gwiwata ta ce, "Bar shi tukuna."

Ya sauko, ya sa yatsu a baki. Hannun ya kumbura da ƙaya, fiton bai fita ba, iska ce kawai da yawu. Amma wata tsohuwar jaka mai yankakken kunne ta ɗaga kai, ta shaƙi iska, ta taho kai tsaye. Biyu suka biyo ta. Mutane suka hau tafi, ana ta ɗaukar hoto. Chebo ya dubi Arlene ya ɗaga gira.

Ya ce wa jakar, "Gaishe da ubangidanki."

Ta cusa baki a aljihunsa na dama har ido.

"Kun gani? Sumbatar hannu take so ta yi."

Ta ja. Aljihun ya taho gaba ɗaya da zarensa, dunƙulen ciyawar nan da ake sayar wa baƙi don su ba jakuna suka zubo kamar an kwance buhu. Sai a sannan na gane ƙibar da ta zo cikin dare. Ya cika aljihu huɗu, ya farke shafin kwat ya ɗura, ya sa a cikin malafa, ya ɗaure ƙafar wando ya zuba.

Wani mai babur ya ce, "Baba, jinin gidan naku kore ne ashe."

Chebo ya ce, "Tsaraba na kawo musu. Ana zuwa wajen dangi hannu biyu?"

Dangin suka ji. Na kan titi suka zo, na bayan kantuna suka zo, wasu suka gangaro daga kan tudu suna kuka, na ƙirga ashirin da uku na daina. Suka sa shi a tsakiya. Ba ka ganin komai sai malafa tana juyawa. Daga ciki muryarsa ke fitowa, "Layi, layi. Babba ya fara. Kai, wannan kunnena ne."

Wata mata mai kantin riguna, Verna, ta fito da tsintsiya. Gajera ce, muryarta kamar ta mai kiran fasinja. Ta ce, "Wane ne wannan ke tara mini su a ƙofa?" Daidai nan wani jaki ya kama ƙafar wandonsa ya ɗaga, karas ya zubo, manya-manya, sun fi ashirin. Karas a Oatman, ai gara ka shigo da maciji. An hana shi, yana lalata musu ciki, yana sa su faɗa. Ga wani jaririn jaki ma da takarda manne a goshi, wadda ke cewa kada a ba shi komai, ya riga ya ɗauki ɗaya. Verna ta zare daga bakinsa, ta nuna Chebo da shi.

"Kai, tsoho, ba ka iya karatu ba ne?"

Na leƙo ta taga na ce, "Ni ce ban iya ba. Shi ya yi aji goma sha biyu, ga abin da ya samo."

Jakunan da suka ji ƙanshin karas sai hankalinsu ya tashi, suka fara harbin juna. Chebo ya ga rata ya fita da gudu, wando ƙafa ɗaya a yage, ya yi ƙasan titi. Ƙarfe ɗaya da rabi ne daidai, lokacin da 'yan wasan bindigar garin ke yi wa baƙi wasan kwaikwayon fashi. An riga an harbe ɗan fashin, yana kwance a tsakiyar titi ya mutu, ɗan doka yana tsaye a kansa yana jawabi. Sai ga Chebo ya tsallake gawar. Gawar ta buɗe ido ɗaya, ta ga ƙafafu casa'in da wani abu suna tahowa, ta miƙe ta haye baranda.

Ɗan dokan ya ce, "Koma ka kwanta, ban gama ba."

Gawar ta ce, "Zo ka kwanta kai. Ba a ce mini da jaki a mutuwar ba."

Ɗan dokan ya ɗaga bindiga sama ya harba harsashin wasa don ya kora su. Jakunan da ke jin wannan ƙarar sau biyu kullum ko kunne ba su kaɗa ba. Chebo ne ya dafe ƙirji ya zube.

"An harbe ni. Arlene, ki tuna da ni."

'Yan yawon buɗe ido suka ɗauka duk cikin wasan ne. Tafi kamar ruwan sama. Wata tsohuwa ta ce bara ba a yi wannan ɓangaren ba, bana an gyara. Mai yankakken kunne ta taka masa baya da ƙafa ɗaya ta fara cin shafin kwat a nutse. Da ya ga mutuwar ba ta raba shi da su ba, sai ya tashi ya juyo, ya yo kan mota, ya haye baya. Bayan motar da tukunyata take.

Har zuwa nan ina zaune ne. Kunyar Chebo ba sabon abu ba ce a wurina, tun yana ɗan shekara biyar nake ɗaukar ta. Amma ta madubi na ga jakuna sun zagaye motar, ɗaya ya ja bargon sama, ɗaya ya ja na ƙasa, tururi ya tashi. Bawon masara mai ɗumi, a rana mai sanyi. Duk suka bar kwat suka juyo da hanci. Na ga ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗaga murfi, ya ɗebo tamale yana jifa nesa don su bi.

Ban san lokacin da na tsallake cinyar Arlene ba. Gwiwar da likita ya ce kada in hau matakala da ita, da ita na haye bayan motar nan. Na fizge murfin, na buga wa jaki ɗaya a hanci, na buga wa Chebo a ka, na rufe tukunya na zauna a kai.

"Nawa ka jefa?"

"Yaya, rai ake ceto."

"Nawa?"

"Uku."

Verna daga ƙasa ta ce, "Tara. Ina ƙirgawa."

Arlene ta fito ta tsaya. Wani jaki ya nufo ta, ta sa tafin hannu a ƙirjinsa ta tura shi gefe kamar mai buɗe ƙofa, ko kallonsa ba ta yi ba. Chebo ya gyara abin da ya rage na malafarsa ya ce, "Kin ga yadda suke ƙaunata ko? Har ta yi yawa."

Ta ce, "Eusebio, shekara arba'in ina kiwon shanun madara. Tun kafin ka buɗe mini ƙofar mota na san ciyawa ce a jikinka, har na san yankan bara ce. Karas ɗin ne kawai ban gane ba, na ɗauka turarenka ne."

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"A garinmu wata biyar muke yi a ɗaki muna kallon bango. Ina zan sami irin wannan?"

Mutane suka kwashe da dariya, har gawar. Ni ban yi ba. Agogona ya ce uku saura kwata. Jakuna gaba, jakuna baya, motocin baƙi sun yi layi har bayan gari. Arlene ta danna oda, wani jaki ya amsa mata. Ta tura biyu, huɗu suka maye gurbinsu. Muddin ƙanshin tukunyata da na Chebo suna wuri ɗaya, ba inda za mu. Dole a raba su, kuma ɗaya daga cikinsu yana da ƙafa.

Na miƙe tsaye, ƙafa ɗaya a kan murfi. Na ce, "Jama'a, ku saurara. Ƙanena bai gama ba. Yanzu zai nuna muku babban. Zai ja su duka, shi kaɗai, har bayan gari wajen tsohon ramin haƙa, kamar yadda kakanmu yake yi."

Tafi ya tashi. Masu babura suka fara kiran "Baba, Baba." Chebo ya dube ni, ya dubi taron, ya dubi Arlene. Na san shi. Da a ce ya fasa a gaban mutum ɗari biyu, gara jaki ya cinye shi da takalmi.

Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Yaya, za ku jira ni a ƙasan titi ko?"

Na ce, "Je ka dai."

Verna ta miƙo mini karas ɗin da ta tsince a cikin bokiti. Na zare igiyar tukunya, na ɗaure bakin bokitin da wata riga daga kantinta don kada su samu su ci, na rataya masa a baya. Ya diro, ya ɗaga hannu kamar mai jan sojoji, ya yi taku uku na ƙasaita. A na huɗu mai yankakken kunne ta kai masa cizo, sauran tafiyar da gudu ya yi ta. Duk suka bi shi, har jaririn. Titi ya buɗe fes.

Ya bar makulli a jikin mota. Arlene ta ce ita ba ta tuƙa hanyar dutse, ƙasarsu shimfiɗe take kamar faranti. Na ce ta ɗauki tukunya ta rungume a cinya. Ba ni da lasin, ban taɓa yi ba, amma na ja motar auduga a gona tun kafin a haifi uwarku.

Ta ce, "Ba za mu jira shi ba?"

Na ce, "Shi ba ya hucewa. Tamale na hucewa."

Kun san hawan nan na bayan Oatman, kwana a kan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, ga ƙanƙara a inda rana ba ta kai ba. Arlene tana karanta mini allunan hanya. Ta ce wannan ya ce mil goma sha biyar. Na ce ai da masu lokaci yake. A can ƙoli ta ce in tsaya ta ga ƙasa, wai ana hango jiha uku. Na ce ta hango su ta taga, ba inda za su. Sau ɗaya tayar baya ta leƙa rami, Arlene ta yi wata addu'a da yaren kakanninta, amma ba ta saki tukunya ba. A nan na san mutuniyar kirki ce.

Huɗu saura minti bakwai na tsaya a ƙofar Eufemia. Na shiga na tarar har ta ɗora kwalin kanti a kan tebur, almakashi a hannunta. Na ture kwalin, na dire tukunya, na ɗaga murfi. Tururi ya bugi silin.

Ta ce, "Ina Chebo?"

Na ce, "Yana wajen dangi."

Sai da rana ta faɗi motar 'yan yawon buɗe ido ta sauke shi a bakin layi. Kwat ɗin babanmu saura hannu ɗaya da wuya. A ciki ya sa rigar da Verna ta ba shi don ya rufe jiki, mai hoton jaki yana dariya. Baƙin suna ɗaga masa hannu ta taga, shi kuma yana rusuna musu. Ya shigo yana ɗingishi, kafin ya zauna ya fara: "Ba a taɓa ganin taro irin na yau a Oatman ba. Sun roƙe ni in riƙa zuwa duk Asabar."

Ya ɗaga murfin tukunya. Bawo ne kawai. Ɗari da goma sha ɗaya, surukan Eufemia ba su bar ko zaitun ba. Na tura masa kwalin kanti gabansa, na ba shi almakashi.

Ita ko Eufemia, tana kwance bawon na biyar ta ce mini wai gishiri ya ɗan yi kaɗan. Na ce ta ajiye mana in bai yi mata ba. Ba ta ajiye ba.

Shi ke nan. A'a, Arlene ba ta aure shi ba, tana da hankali. Wurina take zuwa duk Disamba, ita ke buga mini ƙullu, hannun mai tatsar shanu ne. Kai kuma da ka katse ni, tukunya tana jiranka da safe. Ku tashi ku wanke baki ku kwanta. Wani ya jefa wa Chebo bargo a hanya, kada ku tashe shi, zai fara nasa.